Ranar da Jirgin Baba Ya Juya

A shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu ta rufta ne, damina biyu kafin auren yayata, Baba ya tafi Makka a jirgin sama. Ni lokacin ban kai tsayin taɓarya ba. Har yau in iskar gabas ta taso da ƙamshin ƙasa, shekarar nan nake komawa.

Ƙauyenmu yana kan hanyar jiragen da ke sauka Kano. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ta fara gane halinsu. In za a yi shiƙa, sauran mata ƙaiƙayi suke watsawa sama don su ga inda iska ta nufa. Iya kuwa jirgi take kallo. Takan ce jirgi ɗan'uwan balbela ne, ba ya sauka sai ya ba iska ƙirji. In ya biyo ƙasa-ƙasa ta kan kukar gonarmu, to iska daga gabas take, sai ta gyara tsayuwa ta ɗaga ƙwarya. Ban taɓa ganin ƙaiƙayi a kanta ba, kuma a hannunta na koya.

Tun tafiyar Baba take kwance, ƙafafu a kumbure, ba ta iya haɗiye komai sai kunu, ni ke kai mata. Kowa a gidan ya san ɗanta take jira ta gani.

Ran Alhamis aka ce alhazai za su iso. Maza suka tafi filin jirgi tun hantsi. Iya ta sa aka fito da ita bakin ɗaki a kan tabarma. Da la'asar hadari ya haɗo, iska ta ƙi tsayawa waje ɗaya, ta buso daga gabas, ta koma kudu, ta kwashe faya-fayan Inna, mahaifiyata, ta zubar bayan danga. Sai ga jirgi ta kan kuka, yana karkata kamar mai ɗauke da tulu a santsi. Ya wuce, ya zagayo.

Ina tsalle ina kiran Baba, sai na ji Iya tana cewa, "Allah ka mai da shi. Allah kada ka bar shi ya sauka."

Na ce, "Iya, Baba ne fa a ciki."

Ta ce, "Shi ya sa, 'yar nan. Iskar nan a haƙarƙari take dukansa."

A zagaye na uku jirgin ya ɗaga sama, ya miƙe kudu, ya ɓace. Na dube ta na ce, "Ke kika kore shi. Dama ba kya so ya dawo."

Washegari Inna ta miƙo min ƙoƙon kunu, na ajiye shi a gindin turmi na fice. Ina ji Iya tana kira, "Wai ina 'yar nan? Har yanzu fushi ake da ni?" Na yi kamar ban ji ba. Asabar da hantsi ta cika. Baba ya iso da yamma a bayan babbar mota, daga can garin da jirginsu ya sauka, ya tarar an dawo daga maƙabarta. Carbin da ya sayo mata yana aljihunsa.

Da 'yan gaisuwa suka ragu, ya ba da labarin yadda aka yi ta salati a cikin jirgin, da yadda aka ce musu da matuƙin ya matsa sai ya sauka, da iska ta kifar da su. Ya ce, "Addu'ar wani ce ta riƙe mu." Ina zaune a bayansa. Har ya koma ga Allah ban faɗa masa ba.

Kwanaki jikana da ya yi makarantar kimiyya a Dawakin Tofa ya zauna yana koya min yadda iskar gefe ke hana jirgi sauka. Na bar shi ya gama, na ce kakata ta san wannan da ƙwarya a hannu. Yanzu inji ke sussuka, an sare kukar, jirage suna wucewa ba mai ɗaga kai.

A cikin waɗanda suka ga ranar nan, saura ni da ɗan baffana da ke Gezawa, wanda idonsa ya tafi. Shi ruwan da aka yi kawai yake tunawa. Ƙoƙon kunun kuwa, ni kaɗai na san inda na ajiye shi.