Sunana a Bakin Inna

Ko na tsufa na manta hanyar kasuwa, ba zan manta da safiyar da jirginmu ya yi ta kewaya saman Yamai ya kasa sauka ba.

Ni dillalin albasa ne. Daga Madawa nake loda kamiyo, wato babbar motar kaya, in bi shi har Abijan, kuma a can nake lokacin da ƙanwata ta kira ni daga ƙauyenmu, kusa da Ibohaman. Na san Inna ba ta da lafiya, amma ciwon tsufa ne, yau ta kwanta gobe ta tashi. Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ka taho. Inna ta kira sunanka."

Ni ne ɗan fari, kuma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, don kunya. Tun ina yaro "kai" take ce mini, da na girma na koma "mai albasa". Jin ta ambaci sunana ya isa in gane tafiya ta matso. Na bar kayana hannun abokin ciniki, na hau jirgi karo na farko a rayuwata, na kuma sa wani aminina ya jira ni da mota a Yamai.

Kujerata tana dab da fiffike. Mun yi ƙasa har ina hango kogin Kwara da rufin gidaje, sai na ji wani gurnani daga fiffiken, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Kawai jirgin ya ɗaga kai ya koma sama. Matuƙin ya yi magana da Faransanci, muryarsa kwance kamar mai ba da labarin damina. Abin da na tsinta shi ne, akwai wasu marafai a bayan fiffike da ke saukowa su rage wa jirgi gudu, to sun cije. Za mu yi ta kewaya har mai ya ragu jirgi ya yi sauƙi, sannan a sauka da gudun da ya fi na kullum.

Wasu suka kama salati, wata mata tana kuka. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ba mutuwata nake tunani ba, rana nake kallo tana hawa. Na saba da direbobin kamiyo, in abu ya lalace a ɗaure da roba a ci gaba, in direba ya yi gardama a lallashe shi. Na tare wata ma'aikaciyar jirgi da na ji tana Hausa, na ce ta je ta gaya wa matuƙi ya sauke mu haka nan, uwata na bakin mutuwa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta durƙusa gefen kujerata, ta ja ɗamarar kujerar ta ƙara matse ni, ta ce, "Baba, na ji ka. Amma dubi bayanka, kowa a nan akwai mai jiransa." Daga nan ta bi layi tana nuna wa mutane yadda za su sunkuya su kare kai, tana kwashe duk abin da zai iya tashi ya bugi wani.

Da muka sauko, ƙasa ta taho mana da gudu mai ban tsoro. Tayoyi suka daki kwalta, birki ya yi ta kuka, muka yi ta tafiya kamar hanyar ba za ta ishe mu ba, motocin kashe gobara suna bin mu. Sai muka tsaya. Mutane suka yi ta kabbara da tafi. Ni jakata kawai na rarumo.

Mun wuni muna gudu. Dosso, Dogon Dutsi, Konni, Tawa, ko abinci ba mu tsaya ci ba. Mun kama hanyar Keita rana ta yi sanyi, sai wayata ta yi ƙara. Ban ma ɗauka ba, na ce wa aminina ya rage gudu.

Na tarar ana yi wa gawar Inna wanka. Ƙanwata ta ce har ƙarshe idonta yana ƙofa, kuma ta sake faɗin sunan, a fili, kowa ya ji. Kowa ban da ni. Tazarar da ke tsakanina da ita ba ta wuce lokacin da muka ɓata a sama ba.

Na daɗe ina jin haushin matuƙin nan da ban ko ga fuskarsa ba. Amma shekaru sun nuna mini cewa da ya bi son raina, da ranar gidaje da yawa sun yi zaman makoki, har da namu sau biyu. Abin da na koya shi ne, wanda ya riƙe rayukan mutane ba ya sauri don hawayen mutum ɗaya, ko da hawayen na gaskiya ne. Yanzu in direbana ya ce birki bai yi masa ba, sai in ce ya tsaya, albasa ta ruɓe in za ta ruɓe. Sunana kuwa, nakan sa ƙanwata ta maimaita mini yadda Inna ta faɗe shi.