Ƙwaryar da Aka Ɗauka Kafin a Tambaya

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da Malam ya ƙaryata injinsa ba. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubutawa, ta kuma saba da hawayena in na ambace shi.

Malam, mijina, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin kwamfuta ne a nan Jalingo. Shi ya kafa ma'auni a bakin kogi wajen Lau, ya haɗa shi da kwamfuta don a san hawan ruwa. Yayana kuwa yana fadamar nan da iyalinsa da shanunsa, ya ce ba zai tashi ba sai Malam ya ce a tashi. Malam ya duba awon kwamfuta, ya ce masa ruwa bai kai na tashi ba.

Wata rana Malam ya dawo daga Lau, ya zauna da takardunsa, ko tuwo bai duba ba. Can ya buga cinya.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Hajiya, in na aike ki ruga na ce ki tambaya ko an gama tatsa, sannan ki ɗauko ƙwarya, ke kuma don sauri kika fara ɗaukar ƙwaryar, sannan kika tambaya, aka ce an gama, me za ki kawo mini?"

Na ce, "Nonon jiya mana. Amma ni ba na wannan shirmen."

Ya yi dariya. "To, kwamfutar tana yi. Na rubuta mata ta fara tambayar ma'auni ko ya gama awo, sannan ta karanta. Ita kuwa don gaggawa sai ta juya su, tana ba ni tsohon awo. Shinge zan sa tsakanin biyun, kada ta karanta sai ta tambaya."

Kafin in ɗauke kwano ya tada babur sai Lau. Yayana ya ba ni labarin yadda Malam ya tsuguna gabansa ya ce, "Yaya, maganar da na faɗa maka ba daidai ba ce. Ku kora shanu tudu." Suka tashi. Ba a jima ba ruwa ya shafe inda bukkokinsu suke.

Yau Malam ba ya nan, jikokin shanun nan kuwa suna kiwo. Wayyo, mutumin kirki! Daga gare shi na koyi cewa kome gaggawarka, ka tambaya tukuna sannan ka ɗauka. In kuwa ka riga ka kai wa mutane nonon jiya, ka koma da ƙafarka ka faɗa musu.