Ganyen Da Dakta Maharazu Bai Gama Siffantawa Ba

Ni ne Falalu Idi Gama, mai digiri da daraja ta ɗaya a ilimin tsirrai, ɗalibi na ƙarshe ga marigayi. Manufata biyu ce: ta'aziyya, da ceton amanar ilimi.

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ranka, Dakta Maharazu, a gidanka na Nassarawa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Kai ka koya mini tsaga dutse da haƙuri har ya buɗe, a tarar da zanen ganye kwance a cikinsa, na itaciyar da ta yi fure ta ƙare tun ba a san ɗan Adam ba. Ba ka shafa masa ruwa. Sai ka sunkuya ka hura masa hucin bakinka, jijiyoyin ganyen su yi duhu su bayyana, ka zana su kafin su ɓace. Ranar da na fasa guda saboda gaggawa, ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Falalu, ya daɗe yana jira, ka yi masa a hankali." Sannan ka sa aka kawo mini fura.

Akwai ganye ɗaya mai haƙora a gefe wanda ka rasu ba ka raɗa masa suna ba. Bayan sadakar uku, ƙanwarka Gwaggo ta buɗe ɗakin da kake ajiye duwatsun da rana tsaka ta tarar jijiyoyinsa sun yi duhu. Na bayyana mata cewa laimar damina ce, bisa ƙa'idar kimiyya. Amma na duba da kaina. Sauran duwatsun a bushe suke. Wannan kuwa da ɗumi.

Saboda haka iyali suka tsorata, suka yanke shawarar ba magina duwatsun su yi ciko. Idan aka binne dutsen nan, wannan itaciya ta shuɗe ba shaida, ba suna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Hajiya Ummu Salma da 'ya'ya juriya.

Alhaji Ƙasimu, a matsayinka na babban ɗa, ina neman izinin kwashe duwatsun zuwa ɗakina, ko da kuwa ban san da wane irin abu zan zauna a ɗakin ba. Ina buƙatar amsa a rubuce kafin Juma'a, 29 ga wata.