Ƙunshin Ayabar da Muka Jefa wa Birai

Ba sha'awa ce ta kai ni hawan dutse ba. Ni Bazazzagi ne, dutsen da na sani Kufena ne, shi ma daga nesa nake gaishe shi. Korona ce ta kama ni a shekarata ta uku ta karatu a Kuala Lumpur, ta kwantar da ni a ɗakina na Pantai Dalam, da ta tashi tafiya ta tafi da rabin numfashina. Bene biyu zan hau in tsaya ina haki kamar tsohon jaki. Likita ta ce magani ya gama nasa, saura tafiyar ƙafa a inda iska take da kyau.

Da aka sassauta kulle, aka yarda mutane su fita motsa jiki kaɗan-kaɗan, sai maƙwabcina ya zo da labarin wani tsoho mai kai mutane hawan dutsen Batu. Wannan maƙwabci shi ne babba a cikinmu ɗalibai Hausawa, shi ke jan mu salla, Dakta muke ce masa tun bai gama digirinsa na uku ba.

Na ce, "Dakta, dutsen gumaka fa?"

Ya ce, "Ba ta gaba ba, malam. Back trail ne, ta bayan dutse. Ko gunki ɗaya ba za ka gani ba."

Gaban dutsen kowa ya san shi: ƙaton gunki mai ruwan zinariya, da doguwar matakala mai launi-launi da Indiyawa ke hawa zuwa wurin bautarsu a cikin kogo. A nan tsohon ya yi rayuwarsa tun yana saurayi, yana zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Annoba ta kwashe baƙin kaf. Abin da ya rage masa shi ne wata siririyar hanya ta bayan dutse da ya sani tun ƙuruciya, wadda ke farawa daga cikin lambun wani mutum da ya yarje masa ya riƙa wucewa. Da wannan hanyar kaɗai yake ci da iyalinsa a lokacin. Ankul muke kiransa, kamar yadda ake kiran kowane dattijo a garin. Ba'indiye ne siriri, baƙi kamar mu, kullum da safe da farar toka a goshinsa.

Mu shida ne, duk Asabar mu hau jirgin ƙasa da sassafe. Ranar farko Ankul ya tsayar da mu a bakin lambun, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Dokata ɗaya ce. Kada a ba biri komai. Na gaban dutse ɓarayi ne, mutane suka lalata su. Na nan ba su san mutum yana ɗauke da abinci ba. Ranar da suka sani, hanyar nan ta mutu."

Muka ce to. Mu da muke faɗin to ko ba a gama magana ba.

Hanyar shiru gare ta, irin shirun da na manta akwai shi. Sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga duwatsu. Birai suna can saman bishiyoyi, ko kallo ba mu ishe su ba. Ni ne kullum a baya, kuma Ankul bai taɓa cewa a jira ni ba. Idan ya ji hakina ya yi yawa, sai ya tsaya ya tara kowa ya hau bayanin wani ganye, ba zai gama ba sai na dawo daidai. Na daɗe ban gane dabara ce ba, har ina cewa tsohon nan ya cika surutu.

A tsakiyar hanya akwai wani falalen dutse da muke hutawa. Nan ya buɗe jakarsa ya miƙa wa kowa ƙunshi ɗaya a ganyen ayaba, da ɗuminsa. Kamar alale yake, amma na ayaba da kwakwa, ƙamshinsa har cikin takunkumi.

"Makan lah," in ji shi. "Ku ci."

Dakta ya karɓa da hannu biyu yana godiya, sannan ya ce mana da Hausa, fuskarsa cike da fara'a, "Ku karɓa, amma kada wanda ya ci. Kun ga goshinsa? Daga wurin bautarsu yake. Wa ya sani ko sai da aka kai wa gunki tukuna."

Na ce a hankali, "To mu gaya masa ba ma ci mana."

"Haba malam. Dattijo ne fa. Ba a mayar da hannun kyauta baya, it's very rude."

Muka ce wa Ankul za mu tafi da ƙunshin gida, tapau, kamar yadda suke cewa. Ya ji daɗi.

Ba zan ɗora wa Dakta laifin duka ba, don abin da ya biyo baya daga kaina ya fito. A hanyar saukowa na tuna yadda aka tarbiyyantar da mu: ba a zuba abinci a shara, gara a ba dabba ta ci, sadaka ce. Na faɗa wa sauran, suka ce wallahi haka ne. Muka ja baya, Ankul yana gaba, kowa ya cilla nasa cikin kwazazzabo. Har wani daɗi na ji a raina, ga shi ban ci abin shubuha ba, ban kunyata dattijo ba, ban yi almubazzaranci ba, ga ladan ciyar da dabba. Dokar da mutumin ya kafa mana da safen nan kuwa, na ce ai ba a hannu muka ba su ba.

Haka muka yi ta yi duk Asabar, kusan wata uku. Ƙirjina yana buɗewa, har na fara riga wasu isa falalen dutsen. Birai kuma suna saukowa. Da farko ɗaya ne yake zama a reshe yana kallon jakunkunanmu. Daga baya suka zama ayari, suna bin mu tun daga bakin lambu, manyan suna yaƙe mana haƙora.

Wata Asabar Ankul ya zaunar da mu a kan falalen. Bai buɗe jakarsa ba.

"Ina da tambaya. Akwai mai ba su abinci a cikinku?"

Dakta ya dafa ƙirji. "Mu? Never, Ankul. Ka bincika sauran groups ɗinka."

Ankul ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kaina. Ni da ya yi wata uku yana ƙirƙiro labarin ganyaye don in huta. Na sunkuya na hau gyara igiyar takalmina, wadda ba abin da ya same ta. Har yau idan na tuna wannan igiyar sai in ji na tsani kaina.

Daga ranar bai sake kawo ƙunshin ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Biri ba ya mantuwa da inda ya ci daɗi. Wata Lahadi suka far wa wani rukunin da ba namu ba, babban cikinsu ya fizgi jakar wata malamar makaranta, ta riƙe, ya cije ta a hannu. A lokacin da kowa ke gudun asibiti kamar wuta, sai da aka kai ta aka yi mata allurai. Labari ya bazu a wayoyi. Biran suka gangara lambun suka yi wa ayabar mai lambu kaca-kaca, shi kuma ya sa wa ƙofarsa kwaɗo. Ankul ya turo mana saƙo gajere, cewa an daina hawa, mu yi haƙuri. Ni kaɗai ya ƙara wa layi ɗaya: kada in daina tafiyar ƙafa, saboda ƙirjina.

Na kai wa Dakta maganar, na ce mu muka jawo. Ya ce, "Ƙaddara ce, malam. Niyyarmu ai mai kyau ce." Ban yi musu ba, don ni ma abin da nake so in ji ke nan. Mu mutane ne masu kunya, haka muke yabon kanmu a duk inda muka je. Kunyar cewa a'a muka ji, ba mu ji kunyar yi wa tsoho ƙarya ido da ido ba.

Bayan watanni na shiga kasuwar Chow Kit sayen naman akuya, na ga wani yana tura baro cike da buhunan albasa. Da tafiyarsa na gane shi. Na so in lafe a bayan mai kifi, amma ya riga ya gan ni.

"Ƙirji fa?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

Na ce ya warke sarai. Ya jingine baron, ya ce in biyo shi. Muka ratsa ta cikin 'yan kayan miya zuwa teburin wata dattijuwa Bamalayiya mai hijabi, gabanta tulin ƙunshin ganyen ayaba. Da ta gan ni tare da shi sai ta washe baki.

"Wannan yana cikin 'yan Afirkan naka? Duk Asabar tun asuba yake zuwa ya karɓi shida. Ya ce baƙinsa Musulmi ne, sai na hannun Musulma. Matarsa ma ta iya yi, ya hana ta."

Na rasa inda zan sa idona.

Ankul ya ce, "Duk Litinin ni kaɗai nake hawa in share hanya. Biri yana cin na ciki, ba ya cin ganyen. Shida-shida nake tsinta." Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "Na yi ta cewa iska ce, ko wasu ne. Da na tambaya, babbanku ya ce a'a. Ni ba na ce wa baƙona maƙaryaci."

Ya karɓi ƙunshi ɗaya a wurin matar, ya miƙo mini.

"Ka ci, ko ka ce ba ka ci. Duka biyun boleh, ba laifi. A tsakiyar Musulmi na tashi, ba yau na fara jin a'a ba."

Na ce masa ya yafe mini. Ya gyaɗa kai kawai, irin gyaɗawar da ake yi wa wanda ya zo ta'aziyya bayan an share makoki. Wani ya ƙwala masa kira daga wajen 'yan albasa, ya juya ya koma ga baronsa.

Na sauke takunkumi a tsakiyar kasuwa, na warware ganyen, na yi bisimilla na kai baki. Karo na farko ke nan da na ɗanɗana shi. Laushi gare shi, zaƙinsa daidai. Na tsaya ina taunawa, numfashina yana shiga yana fita lafiya lau, ina kallon bayan tsohon yana tura albasa a kan gangara, yana tsayawa duk bayan 'yan taku yana haki, ba wanda ya jira shi.