Direban Doguwar Hanya a Zaman Kulle

Direba ake ce masa a layinsu, har matarsa ma haka take kiransa idan ya ɓata mata rai. Tun yana saurayi yake jan babbar motar fasinja a doguwar hanya. Ya zo gida ya kwana, ya sauya kaya, ya sake ficewa. 'Ya'yansa mata biyu sun tashi sun fi sanin ƙarar motarsa da ledar tsaraba fiye da hirarsa.

Da annoba ta ɓarke aka rufe hanyoyi, kamfani ya ce kowane direba ya ajiye mota inda ya samu wuri. Ya kawo tasa ya raɓa ta jikin katangar gidan da suke haya, ya shiga ciki ya zauna.

Zaman ne ya gagare shi. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan falo. Matarsa tela ce, ta kafa kekenta a tsakiyar falon tana ɗinka takunkumin rufe hanci, wani kantin magani yana sara. Babbar 'yar tana jami'a, karatunta ya koma cikin waya. Ƙaramar kuwa ba ta da aiki sai sauya tashar talabijin. Duk inda ya miƙe ƙafa sai an ce ya ɗan janye.

"Maigida, don Allah ɗaga, a kan yadin mutane ka zauna."

"To ina zan zauna? Kan rufi?"

"In dai zama ne, ga almakashi. Yanka min robar kunne."

Ya yanka ta yi gajarta, ya sake ta yi tsawo. Bayansa da bai taɓa damunsa a kan sitiyari ba ya fara ciwo a kujerar falo. Da safe yakan fita ya tayar da motar don kada batir ya mutu, ya goge gilashin da babu inda za a je da shi, ya tsaya yana kallon titi ba kowa sai karnuka.

Wata rana babbar 'yar ta fito idonta jawur. "Baba, malaminmu ya ce ko a masana'anta nake zaune. Ƙarar keken Mama kawai yake ji."

Ya miƙa mata makulli. "Je ki mota, ki zauna kujerar bayan direba. Kada dai ki taɓa min giya."

Daga nan motar ta zama ajinta, shi kuma ya rasa wurin da yake ɗan fakewa.

Abin da ke rage masa rana shi ne kiran Dogo, abokin aikinsa da suka fara tuƙi tare. Bayan cin abincin rana sai waya ta yi ƙara, fuskar Dogo ta cika ta.

"Kai, wannan gemun fa? Ka koma kamar tsohuwar tsintsiya."

"Kai dubi tumbinka. Ranar da aka buɗe hanya sai an cire sitiyari kafin ka shiga."

Su yi ta lissafa ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya kamar masu kewar dangi, har matarsa ta ce su rage murya.

Sai Dogo ya fara tari a tsakiyar dariya. Ya ce mura ce. Bayan 'yan kwanaki da ya kira, matar Dogo ce ta ɗauki wayar, ta ce an kwantar da shi a asibiti, ba a barin kowa ya shiga, har ita. Direba ya sa takalmi ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya, don bai san ina zai nufa ba.

Ƙanen Dogo ne ya kira da labarin rasuwar. Ya ce mutum kaɗan aka yarda su raka shi maƙabarta, kuma an riga an dawo. Direba ya kira matar Dogo don ya yi mata ta'aziyya, layin yana ta yankewa.

"Allah ya jiƙansa," ya ce.

"Yaya, ba na jin ka."

Ya maimaita, ya ɗaga murya ya sake maimaitawa, har wayar ta katse. Ya koma falo ya ɗauki almakashi. Matarsa ta tsayar da keke, ta zare shi daga hannunsa a hankali.

"Bar shi, Maigida. Yau ka huta."

"In huta daga me?" ya ce.

Ta ture yadin gefe ta zauna kusa da shi, ƙaramar 'yar kuma ta kashe talabijin da kanta.

Da aka buɗe hanyoyi ya koma aiki, fasinja rabin mota, kowa da takunkumi, ba mai yi wa wani magana. Tafiya ɗaya ya yi ya je ofis ya roƙi a mayar da shi zirga-zirgar cikin gari. Matasan direbobi suka tambaye shi dalili, ya ce ciwon bayansa ne.

Yanzu kullum da yamma yana gida. Ya wanke hannu a bakin ƙofa, ya tambayi abin da aka dafa, sau da yawa barci ya kwashe shi a zaune kafin a kawo.