Tsakuwar da ke Kunnen Inna

Innata ba ta taɓa tallafe ƙwarya da hannu ba. Tun da na yi wayo na san ta da ita a ka: gammo, ƙwaryar nono, faifai, ludayi a sama. Haka take tasowa daga gidanmu a Kagarawal har Herwagana, hannuwanta na lilo, tana gaisawa da mutane ba tare da ta karkata wuya ba. Ƙwaryar gado ce daga mahaifiyarta, wadda ta rasu a ruga tun Inna ba ta isa ɗaura zane ba. Mun girma, mun roƙe ta ta huta har bakinmu ya gaji. Ta ce ranar da ta sauke tallan nan, mu fara neman likkafani.

Sai jiri ya zo. Wani hantsi ta ɗaga kai za ta ɗauko faifai a kan rumfa, ta dafa bango ta ce gidan na juyawa. Ba a jima ba ta waiga a bakin ƙofa, ƙwarya ta faɗi ta tsage, nono ya bi rairayi. Ita ba ta yi kuka ba, ni na yi. Maƙwabta kowa da tasa, wannan ta ce hawan jini, waccan ta ce iska. Ni uwar iyawa na ce ƙarancin jini ne, na ɗura mata zogale har ta fara ɓoye min kwano.

A Herwagana akwai wata tsohuwar nas mai sayen kindirmonta, Inna na ce mata Sista. Da ta ji shiru sai ta hau keke ta zo. Ta kwantar da Inna, ta karkata kanta, ta leƙa ƙwayar idonta, ta ce, "Ƙawata, ba jini ba ne, kunne ne."

Ta zana mana da tsinke a ƙasa. Bayan dodon kunne akwai 'yan ƙasusuwa, sai wani abu a naɗe kamar katantanwa, da shi muke ji. Kusa da shi akwai lanƙwasassun hanyoyi cike da ruwa, su ke gaya wa jiki ina ne sama, ina ne ƙasa. Akwai kuma 'yan tsakuwoyi da suka fi rairayi ƙanƙanta. In suka kuɓuce suka faɗa hanyar ruwan, duk juyin kai sai su gangara, kunne ya ce ana tafiya alhali mutum na zaune.

Inna ta ce, "Ashe ni ma ƙwarya ce da ni a cikin kai. Shekara da shekaru ina yaba wa wuyana a banza."

Sista ta ce za ta iya mayar da tsakuwar, juya kai ne kawai cikin dabara. Inna ta ce sai an kwana biyu. Kwana biyu suka yi ta haihuwa. Raina ya ɓaci, na ce da ita wanda ya ƙi magani ai ciwon yake so.

Da la'asar, a ƙarƙashin darbejiya, ta ce, "Ɓingel am, 'yata, zauna." Ta ce in jirin ya taso ta rufe ido, ba gidan nan take gani ba. A bayan takarkari take, bijimin da ke ɗaukar kaya in ana ƙaura, an ɗora ta tsakanin tabarmi, yana rangaji a hankali. Ciyawa ta kai ƙirji, shanu na tafe. A gaba akwai mace da ƙwarya a ka, hannuwanta na lilo. Inna ta manta fuskar mahaifiyarta, bayanta kawai take tunawa. Kullum matar na gab da waigowa sai jirin ya lafa. Na ji kunya, na ji tausayi.

Ana nan mai ɗinkin ƙorai ya dawo da ƙwaryar da muka kai masa, ɗinki ya bi tsagar kamar kitso. Inna ta daɗe tana shafa ta. Ta ɗora a ka tana zaune, ta sauke da sauri. Sai ta ce in kira Sista.

Ni na riƙe hannunta. Sista ta kwantar da ita, ta juya kanta gefe, ta jira, ta juya ɗaya gefen. Jirin ya taso mata na ƙarshe, mai ƙarfi. Ta damƙe ni, ta runtse ido, leɓɓanta na motsi. Da aka tashe ta zaune ta dubi bango ta ce ya tsaya.

Ranar da ta koma talla na bi ta a baya har bakin titi. Na kasa haƙuri, na ce, "Inna, ranar nan matar ta waigo?"

"A'a. Mai ƙwarya a ka ba ta waige." Ta ci gaba da tafiya, hannuwanta na lilo, sannan ta ce, "Ke dai ki zo ta gabana, ki dube ni da kyau."