Sabon lofen Baba ya ƙi jan iska

Baba ya zuƙa, ya sake zuƙa har kumatunsa suka lotsa, amma ko iska ba ta wuce ba. Sabon lofen taba ne fa, jiya na sayo masa a kasuwa!

Tun da muka ɗauko shi daga garinmu Gwada zuwa gidana a unguwar Dutsen Kura don jinya, ya kasa zama wuri ɗaya. Tsohon lofensa a hanya ya fashe. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa waje, yana ta cewa a kai shi tasha ya koma gida.

Na karɓi sabon lofen na duba. Ashe ramin a toshe yake da ɓurɓushin katako, bututun kuma sai girgiɗi yake. Na gasa siririyar wayar ƙarfe a murhu na zura, sai da na ƙona yatsa kafin ta ɓulla. Na naɗe mahaɗar da zare, ta kama gam.

Na miƙa masa haɗe da gargaɗi, don likita ya hana shi taba.

"Baba, ka dai san ba za ka kunna ba ko?"

"Wa ya ce maka wuta nake nema? In yana bakina ina jan iska, ji nake kamar ina gindin mangwarona a gona."

Ya jawo kujera ya zauna, bai ƙara zancen tasha ba. Ni kuwa har yanzu zagaye gida nake ina ɓoye ashana.

Jama'a, taimakonsa na yi ko cutarsa? Ku faɗa min gaskiya.